Wa Ke Shan Cajin Wayarka Alhali Tana Aljihu?

Ƙannena, samari da 'yan matan Adakpamé, akwai ƙorafin da ba a wuni ba a ji shi ba, a bakin masallaci, a teburin mai shayi, ko a inuwar da 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, ke jiran fasinja: "Wayata ba ta riƙe caji." Wani ya ce ya cika ta fal ya kwanta, kafin asuba ta dawo rabi, kuma ko taɓa ta bai yi ba. Ban ɗauki wannan ƙaramar magana ba. A garin nan na Lome waya ita ce asusu, ita ce shago. Kuɗi na cikin Flooz da Mixx, wadda har yau bakinmu bai daina kiranta TMoney ba duk da an sauya mata suna tun 2024. Mai saye yana WhatsApp, ɗan Gozem yana jiran fasinja ta manhaja. Dangi kuwa, tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari a 1977 aka kai shi Togblékopé, sun bazu gefe-gefen Lome, waya ce ke kai labarin suna da ɗaurin aure da ta'aziyya. Wanda ya ga farkon 2024, lokacin da iskar gas da ke zuwa daga Najeriya ta yi ƙaranci har kamfanin lantarki na CEET ya koma rabon wuta unguwa-unguwa, ya san darajar caji kashi 20 da ƙarfe tara na dare.

To sai yaro ya shiga Paramètres, ya taɓa Batterie, ya buɗe jerin abubuwan da suka sha cajin. Yana tsammanin ganin TikTok a sama, sai ya yi kiciɓis da sunan da bai taɓa saukewa ba, bai taɓa buɗewa ba, ko tambarinsa ma babu a fuskar wayar: Services Google Play, ko Système Android, ko wani layi mai kalmar veille da ke nufin zaman jiran rezo, wato sabis ɗin sadarwa. Nan take ransa ya ɓaci, ya ce ya kama ɓarawo. Ɗaya daga cikin abubuwa uku zai yi. Ko ya danna Forcer l'arrêt yana neman inda zai kashe abin gaba ɗaya, ko ya sauko da manhajar da ta yi alkawarin share waya da sanyaya batir, ko ya hau babur zuwa wurin masu gyaran waya a Dékon a yi masa filashin. Duka ukun gaggawa ce, kuma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ku fara sanin wannan: mutuwar hasken fuskar waya ba ita ce barcinta ba. Waya tana da barci iri-iri. Akwai na sama-sama, inda fuska ta yi duhu amma ƙwaƙwalwarta na aiki kamar tana hannunka. Akwai mai nauyi, inda ƙwaƙwalwar ta kusa tsayawa cak, ba abin da ya rage a farke sai ɓangaren da ke sauraron kira. A wannan mai nauyin ne caji ke daɗewa. Kowace manhaja kuma tana da hanyar da za ta ce wa wayar, dakata kada ki yi barci, ban gama ba. Mai ladabi takan riƙe wayar na daƙiƙa kaɗan ta sake ta. Marar ladabi, ko wadda aka rubuta da ganganci, sai ta riƙe ta har gari ya waye. Saboda irin waɗannan ne Google ya shigo da tsarin Doze a Android 6 a 2015: idan waya na ajiye wuri ɗaya, fuska a kashe, ba ta kan caji, sai tsarin ya rufe wa manhajoji ƙofar intanet, ya riƙa buɗe musu ita jefi-jefi na ɗan lokaci, tazarar tana ƙara tsawo. A 2017 Android 8 ya ƙara taƙaita aikin bayan fage, a 2018 Android 9 ya zo da tsarin da ke lura da manhajojin da ka fi buɗewa ya matse wa sauran. Wato wayar da ke aljihunka ta riga ta san yadda ake tattalin caji. In ta kasa, wani abu ne ke ta da ita.

Shi kuwa wanda kuka kama, bari in gabatar muku da shi. Ku tuna gidan maigida irin na Zongo, mai saukar da fatake. A irin gidan nan akwai yaro ɗaya da kowa ke aike. Wannan baƙo ya ce sayo min sukari, wancan ya ce katin waya, na ɗakin ƙarshe ya ce goro. Mai kanti fuskar yaron yake gani, sunansa yake rubutawa a littafin bashi. In wata ya ƙare, shafin yaron ya fi na kowa tsawo. Baƙon ido da ya buɗe littafin zai ce wannan yaro akwai ci, alhali ko ƙwayar sukarin bai lasa ba. Services Google Play, wanda aka fito da shi a 2012, shi ne wannan yaro. Manhajar da ke son sanin inda kake, shi take tambaya. Saƙon da zai ta da WhatsApp ɗinka, ta hannunsa yake biyowa. Shi ke daidaita lambobin mutanenka da asusunka na Google, shi ke taya binciken manhajojin da ka sauke ko akwai mugu a ciki. Kuma samuwarsa rahama ce ga batir: maimakon kowace manhaja ta buɗe layinta da intanet tana leƙe ko saƙo ya zo, shi kaɗai ke riƙe layi guda, ya karɓo wa kowa. Don haka in ka ga sunansa a sama, tambayar da ta dace ita ce wa ke yawan aikensa.

Kafin mu je can, lambar da ke gefen sunan ma sai an iya karanta ta. Babu mita a jikin kowace manhaja. Kiyasi ne wayar ke yi: ta ƙirga tsawon lokacin da ƙwaƙwalwa ko rezo ko GPS suka yi aiki, ta auna da jadawalin da kamfanin wayar ya sa mata. A wasu wayoyin kason da ka gani na cikin batir ɗin gaba ɗaya ne, a wasu kuwa na cikin abin da aka sha ne kawai. Bambancin ba kaɗan ba ne. In wayarka ta sauka daga 100 zuwa 94 cikin dare, ka ga an rubuta masa kashi 50, rabin shida ake nufi, uku ke nan, ba abin ta da hankali. Na sha ganin wanda ya kwana da baƙin ciki a kan wannan ukun. Haka nan in ka yi sabunta tsarin waya jiya, ka ba ta kwana ɗaya ko biyu kafin ka yanke hukunci, tana sake jera kayanta ne.

Babban mai aike shi ne neman wuri. Ɗan zemijan da ke aiki da manhaja dole wayarsa ta riƙa faɗin inda yake, wannan cajin kuɗin sana'a ne, kamar mai ne a tanki. Amma ku shiga Localisation ku duba jerin waɗanda kuka ba izini. Za ku tarar da manhajar gyaran hoto, da wasan ƙwallo, da tocilan, wai duk suna son sanin inda kuke dare da rana. Tun Android 10 a 2019 ana iya cewa manhaja ta san wurinka lokacin da ka buɗe ta kawai, ku yi amfani da wannan. Har manhajar lokutan salla, in tana da wurin rubuta gari da hannu, ku rubuta Lome ku rufe mata GPS. Adakpamé ba ta tashi daga inda take tsakanin azahar da la'asar. Ba caji kaɗai ke tafiya ta nan ba: a Nuwamba 2020 kafar Vice ta Amurka ta ba da rahoton cewa bayanan wuri na masu amfani da manhajar salla ta Muslim Pro suna isa hannun wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, manhajar kuma ta sanar da yanke hulɗa da shi bayan fitar labarin.

Na biyu shi ne aikin da ya ƙi ƙarewa. Wayarka na son ɗora hotunan bikin jiya a Google Photos, data ta ƙare a tsakiya ko rezo ya yi rauni. Ba ta haƙura, jim kaɗan ta sake gwadawa, ta sake, kowane gwaji kuma farkawa ne. Haka asusun da aka canja wa kalmar sirri a wata waya aka bar wannan tana ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba za ta buɗu ba. Sai kuma rukunonin WhatsApp ɗinmu, Allah ya shirye mu: na dangi, na 'yan unguwa, na makarantar allo, na 'yan kasuwar Hedzranawoé, na wa'azi. In ka bar saukar da kaya kai tsaye a buɗe, kowane bidiyo da aka jefo ƙarfe ɗaya na dare sai ya ta da wayar, ya buɗe rezo, ya sauka, sannan wani ma'aikacin tsarin ya zo ya yi masa rajista don ya fito a wurin hotuna. Bidiyo ɗaya da aka tura rukuni huɗu, ga shi kuma ba wanda zai kalla. Wannan ma'aikacin rajistar yana da wata lalura da ya kamata ku sani. In katin memori ya lalace, ko irin na jabu ne da aka rubuta masa girman da bai kai ba, sai ya yi ta karanta wuri ɗaya yana komawa. Waya ta ɗumama a aljihu ba dalili, sunan tsarin Android ya hau sama. Cire katin na dare ɗaya ya isa ya tona wannan asirin.

Shi kuwa layin zaman jiran rezo ba manhaja ba ce sam, ba kuma abin da mai gyara zai goge. Waya tana magana da turken sadarwa kullum, kuma gwargwadon nisan turken ko kaurin bango, gwargwadon ƙarfin da take sawa. Yawancinmu layi biyu muke ɗauka, Yas da Moov, kowanne na neman nasa. Ɗakin da ke can ƙuryar gida ƙarƙashin kwano, inda sanda ɗaya ke fitowa tana ɓacewa, yana cin caji fiye da awa guda ta hira. Direban da ya ɗauki kaya daga tashar jiragen ruwa ya miƙi hanyar arewa zuwa Cinkassé ya san yadda waya ke zubar da caji a dajin da ba rezo, haka mai zuwa Aflao ko Sanvee-Condji, inda waya ke jin turakun ƙasashe biyu. Togo ta samu 5G tun Nuwamba 2020, kafin maƙwabtanta, amma in wayarka na farautarsa a inda bai kai ba, ka tsayar da ita a 4G ta huta. In akwai wifi mai ƙarfi a gida, ya fi sauƙi ga batir a kan rezo mai rauni.

Yanzu ga inda nake son ku tsaya ku saurare ni da kyau. Na ga yadda yatsunku suka saba: da an gama da waya sai a share duk manhajojin da ke buɗe, fyat fyat fyat, kamar mai kore ƙuda. Ba ya ƙara komai. Mafi yawansu a daskare suke, ba sa shan caji, kuma ta da su daga farko ya fi tsada a kan farkar da su. A Maris 2016 Hiroshi Lockheimer, shugaban sashen Android a Google a lokacin, ya faɗa a fili cewa wannan ɗabi'a ba ta taimaka wa batir, tana ma iya ɗan ƙara ɓarna, kuma Craig Federighi na Apple ya ba da irin amsar a kan iPhone. Manhajojin share-share kuwa, masu hoton tsintsiya da roka da dusar ƙanƙara, su ne suka fi ba ni haushi. Suna kashe ma'aikatan tsarin, tsarin ya sake ta da su don dole ne su yi aiki, su sake kashewa, batir ne ke biyan kuɗin wannan kokawa. Su kansu a farke suke kwana don su nuna maka talla. A Fabrairu 2020 Google ya kori manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallan da ke kutse, har da na kamfanin Cheetah Mobile mai manhajar share-share ta Clean Master. Manhaja ba ta sanyaya batir, inuwa ke sanyaya shi.

Wanda kuma ya samu hanyar danna Désactiver a kan Services Google Play, garin neman gira zai rasa ido. Saƙonni su daina shigowa sai ya buɗe manhaja da kansa, taswira ta rikice, wasu manhajojin su ƙi buɗewa, gargaɗi ya yi ta faɗowa. In dai ana zargin shi kansa ne ya rikice, abin da ke faruwa lokaci-lokaci, magani mai sauƙi ne: a kashe waya a kunna, a share cache ɗinsa, a bar shi ya sabunta kansa.

Akwai ma akasin wannan matsala, kuma masu Tecno da Infinix da itel, wato yawancinmu, sun fi haɗuwa da ita. Waɗannan wayoyi na kamfanin Transsion suna zuwa da nasu mai tsaron batir, wani lokaci kuma hannunsa ya yi nauyi. Sai ka ji mutum na cewa saƙon mai saye bai shigo ba sai bayan awa biyu, ko kiran sallar wayarsa ya yi shiru da asuba. Wannan ba lalacewa ba ce. A shiga saitin batir a ware manhajoji biyu ko uku da rayuwa ta rataya a kansu, a ce kada a taɓa su. Biyu ko uku na ce, ba ashirin ba, don duk wadda ka ware ka ba ta lasisin hana waya barci.

Ban ce babu ɓarawo na gaske ba. Akwai, kuma ya san kuna jin nauyin sunayen tsarin, shi ya sa yake shigowa da irinsu, kura da fatar akuya. A Agusta 2020 kamfanin tsaro Upstream ya bayyana cewa ya gano muguwar manhajar Triada a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a Habasha, Kamaru, Masar, Gana da Afirka ta Kudu. Tana aiki a ɓoye, tana ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar abubuwan biya bai sani ba. Transsion ya ce daga wani mai kawo masa kaya abin ya shigo, kuma ya fitar da gyara. Wancan ba laifin mai saye ba ne. Amma a 2021 kamfanin Kaspersky ya sake gano Triada ɗin nan a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp da kuke tura wa juna ta Xender don ku ɓoye kun karanta saƙo ko ku ga abin da aka goge. Wannan kam da hannunka ka buɗe masa ƙofa, a wayar da kuɗinka ke ciki. Alamarsa ba caji kaɗai ba ce: data na ƙarewa ba ka kalli komai ba, kuɗin kira na raguwa, talla na faɗowa ko ba ka buɗe komai ba, manhajar da ka goge tana dawowa.

Ta yaya za ka bambance duk waɗannan ba ka kashe ko sefa ɗaya ba? Dare ne ɗakin gwajinka. Bayan isha'i, cire waya daga caji, rubuta lambar da take kai a takarda, ajiye ta wuri ɗaya, kada ka taɓa. Da asuba ka duba. Lafiyayyar waya kaɗan take saukewa, a ganina duk abin da ya haura kashi 10 ya cancanci bincike. Dare na gaba ka maimaita, amma a Mode avion. In zubar ta tsaya, matsalar na wajen rezo ne ko masu aike ta intanet. In ba ta tsaya ba, ka gwada yanayin da wasu wayoyi ke kira Mode sans échec, wasu Mode sécurisé: a yawancinsu za ka danne maɓallin kashewa, sannan ka danne kalmar Éteindre a fuska har tambaya ta fito. A wannan yanayi duk abin da ka sauke da hannunka yana kwance, na asali kaɗai ke aiki. In caji ya zauna, mai laifin na cikin abubuwan da ka sauke, sai ka fara cire na baya-bayan nan, ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗin dai shi ne abu ɗaya a kowane dare. Wanda ya canja abu biyar lokaci guda, ko ya dace bai san da wanne ya dace ba, wata mai zuwa zai koma gidan jiya.

In duk wannan bai nuna kowa ba, to batir ɗin ne ya tsufa, kuma ba abin mamaki ba ne. Apple ya daɗe yana cewa batir ɗin tsofaffin iPhone an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma zafin da ya wuce digiri 35 yana rage masa kwana. Na sauran wayoyi ma dangin juna ne. Ku dubi wayar ɗan zemijan da tsakar rana a kan titin tashar jiragen ruwa: tana ɗaure a kan babur, rana na dukanta, haske a ƙure, GPS na aiki, ga igiyar caji a jiki. In ka taɓa bayanta sai ka janye hannu. Irin wannan batir ba zai yi tsawon rai kamar na mai zaman shago ba. Alamar tsufa ita ce waya ta faɗo daga 30 zuwa 5 cikin ƙiftawar ido, ko ta mutu alhali tana nuna saura. In kuwa bayanta ya fara kumbura ko fuska ta ɗago, a daina caji, kada a kwana da ita ƙarƙashin matashi, a kai a canja a ranar.

Idan tafiya Dékon ta kama, ka je da takardar nan taka. Mai gyaran da aka ce wa "ba ta riƙe caji" kawai, filashin ko sabon batir zai ce, don ba shi da lokacin kwana da wayarka. Wanda aka ce wa ta sauke 25 a daren farko, 24 a Mode avion, 25 ba tare da manhajojina ba, ya san inda zai dosa. Kafin ka miƙa ta, ka adana hotuna da hirarrakinka, ka cire layukanka da katin memori, lambar sirrin Flooz ko Mixx kuwa ba ta cikin kayan gyara. Ka kuma tabbata ka san adireshin asusunka na Google da kalmar sirrinsa. Da yawanku mai shagon da ya sayar muku da wayar ne ya buɗe asusun, kuka tafi ba ku tambaya ba. Tun Android 5.1, wayar da aka goge ta hanyar filashin tana iya ƙin buɗewa sai an shigar da asusun da ke kanta a da, kuma cire wannan makulli wani kuɗin ne daban da ba ka yi lissafinsa ba.